Wa ke ƙirga ungulun Gwiwa?

A tambayi duk wani dattijo a Gwiwa ko Roni yaushe rabonsa da ganin ungulu a mahauta. Zai yi shiru, ya ce an daɗe. Shekara nawa? Babu mai iya faɗa, domin babu wanda ya rubuta. Tsuntsuwar da a dā sai an kore ta da jifa ranar kasuwa ta yi ƙaranci a gaban idonmu, har a 2015 ƙungiyar kare halittu ta duniya, IUCN, ta sa ta cikin waɗanda ke dab da ƙarewa. Guba da ake sa wa mushe, da cinikin kanta da ƙafafunta don tsibbu, su ne kan gaba wajen hallaka ta. Idan babu ita kuwa, mushen jaki sai ya yi kwanaki a bayan gari, karnuka da ƙudaje na ɗebo cuta zuwa gidaje.

Wasu sun taɓa shiga irin wannan hali. A tekun Bahar Rum akwai wata dabba mai shayarwa da ake kira sil, mai ɗan kama da ayu, wadda ba ta kai dubu ɗaya ba a duniya. A ƙasar Girka, tun 1991 ƙungiyar MOm ke karɓar rahoto daga masunta da mazauna gaɓar teku: na ga ɗaya a wuri kaza, rana kaza. Da irin waɗannan rahotanni aka gano wuraren da take zama, aka ceto 'ya'yan da suka rabu da iyayensu. A 2023 IUCN ta sassauta matsayin haɗarin da dabbar ke ciki.

Mu ba mu da teku, amma muna da masu ido. Makiyayin da ke wuni a daji da mahaucin da ke sammako sun fi kowane jami'i sanin abin da ya ragu. Hanyar ma tana nan. Tun ƙarshen 2015 cibiyar binciken tsuntsaye ta APLORI da ke Jos ke tafiyar da aikin taswirar tsuntsayen Najeriya, inda 'yan sa-kai ke shigar da abin da suka gani ta manhajar BirdLasser, an kuma raba ƙasar gida-gida, kowane gida kimanin kilomita 9 tsawo da faɗi. Sai dai a Jigawa, da an ce tsuntsu hankali ke tafiya Baturiya da fadamar Haɗeja zuwa Nguru, kamar duwatsun Roni da madatsar ruwan Kazaure ba su da komai.

Za a ce mai neman abin sawa a tukunya ina ruwansa da ƙirgar ungulu. Akwai gaskiya a ciki, shi ya sa ba ma neman a kafa wata hukuma mai ofis da motoci. Ƙaramar Hukumar Gwiwa da Masarautar Kazaure su nemi APLORI ta horar da malaman kimiyya na sakandare da 'yan matasa kaɗan, a ba su kuɗin data. Wanda ba shi da babbar waya ya kai labari ga mai unguwa a rubuta a littafi, da rana da wuri. Sarakunan pawa su ne farkon waɗanda ya kamata a zauna da su, kuma a yi zaman kafin shamuwa ta iso, don ita ma a fara rubuta ranar zuwanta daga bana.