Ba ƙauyanci ne ke cinye jarin mai shago ba

Duk taron wayar da kai da aka kira a kan damfara ta waya, huɗubar ɗaya ce: kada ka ba kowa lambar sirrinka, ka daina riƙe tsabar kuɗi, ka jefar da littafin bashi ka koma manhaja. In aka yashe asusun mai shago a Gummi ko mai POS a Anka, sai a taɓe baki a ce rashin wayewa ne. Wannan magana ta yi wa bankuna da kamfanonin waya daɗi, don ta sauke musu kaya ta ɗora wa wanda aka cuta. Ni ban yarda da ita ba.

Masu wannan huɗuba sun manta da ranar 3 ga Satumba 2021. A ranar ce hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta umarci kamfanonin waya su kashe sabis a duk faɗin Zamfara, bisa roƙon gwamnatin Bello Matawalle, don a toshe wa 'yan bindiga hanyar magana. Mako biyu aka ce. Gusau ta samu nata a farkon Oktoba, su Anka da Gummi da Bukkuyum kuwa sai ƙarshen Nuwamba. Ga kasuwannin mako a rufe. Na'urar POS ta zama kayan ado, kuɗin da ke asusu kuma sai dai a yi tafiya a nemo inda sabis yake kafin a taɓa su. A waɗannan watanni wa ya san abin da yake bi da abin da ake binsa? Mai littafin nan da ake yi wa dariya.

Ba a yi shekara biyu ba aka juya abin. Babban Banki a ƙarƙashin Godwin Emefiele ya sauya fasalin naira, tsabar kuɗi ta ɓace a farkon 2023, har Zamfara da Kaduna da Kogi suka kai gwamnatin tarayya Kotun Ƙoli, kotun ta yanke hukunci ranar 3 ga Maris cewa tsoffin takardun su ci gaba da aiki. Kafin nan an riga an tilasta wa mai tsire da mai awon hatsi karɓar taransifa, ba tare da an tambaye su ko sun shirya ba. Sau ɗaya an ƙwace musu sabis, sau ɗaya an ƙwace musu kuɗi. Babu wanda ƙauyancinsu ya jawo.

Ban ce waya ba ta da amfani ba. Wanda ya san hanyoyinmu ba zai so ɗan'uwansa ya ɗauko kuɗin hatsi a jaka daga Nasarawar Burkullu zuwa Gusau ba. Abin da nake ja a kai shi ne yadda aka tara rayuwar ɗan kasuwa kacokan a kan layin waya guda. Layin ne ke karɓar alat, shi ke karɓar lambar tabbatarwa, shi aka ɗaura wa BVN da NIN, shi ne kuma WhatsApp ɗin da ake ciniki da dillalin Kano ko Sakkwato. Mabuɗin shago da na sito da na gida ke nan a zare ɗaya. Ɓarawon waya ba ya bukatar kwamfuta: ya zare layin ya sa a wata wayar, ya danna 'yan lambobi BVN ta fito, ya fara gwada sa'arsa a asusun. Ga kuma wata ƙofa da ba a cika faɗa ba. Layin da ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani kan sake sayar da shi ga wani, alhali asusun banki na nan ɗaure da lambar. Ka tuna da mutanen da aka koro daga ƙauyukansu suka tare a Anka, wayar ta salwanta a gudu, sai ka gane wa wannan ya fi shafa.

Alat na bogi ma haka yake. An ce Alhaji ya riƙa duba asusunsa kafin ya miƙa kaya. To, ya duba da wane sabis? Inda netwok ke zuwa yana ɗaukewa, alat na gaskiya kan yi jinkiri, kuma a cikin wannan jinkirin ɗan damfara ke cin kasuwarsa. Saƙon banki kuwa da Turanci yake zuwa wa mutumin da ke karanta ajami da Hausar boko sarai. In an cire kuɗi ba su fito ba, mai POS ne ke shan zagi a bainar jama'a, kamfanin yana Legas.

Hukuma ta iya matsa wa na ƙasa: a 2024 an sa masu POS yin rajista da hukumar rajistar kamfanoni, CAC, a watan Mayun shekarar kuma aka fito da harajin tsaron intanet na kashi 0.5 cikin 100 a kan hadahadar banki, har sai da jama'a suka yi ca aka dakatar da shi. Wannan ƙarfin hali nake so a gwada wa na sama. A tilasta saƙon banki da Hausa, a buɗe wurin kai ƙara a kowace hedikwatar ƙaramar hukuma, kuma kada a sayar da tsohon layi sai an kwance shi daga asusu.

Kafin nan, Malam, kada ka yar da littafinka. Ka ware layin banki daban, ka sa masa lambar kulle, ka ajiye shi a ƙaramar waya da ba ta zuwa wurin mai caji. Yaron shago ya riƙe na'ura, kai ka riƙe lambar da ake fitar da kuɗi da ita. Lambobi shida da WhatsApp ke turowa kuwa, ko da sunan shugaban ƙungiyar 'yan kasuwa aka kira ka, kada ka karanta wa kowa.