Jirgin da ɗalibai suka ƙera da hannunsu

Wasu mutane suna cewa karatu daban, aikin hannu daban. A ganinsu, wanda ya yi nisa a makaranta alƙalami kaɗai ya kamata ya riƙe, guduma da zarto kuwa na wanda karatu ya gagara ne. Wannan magana kuskure ce. Labarin wani jirgin sama zai nuna haka.

A ƙasar Amurka, kusa da birnin Boston, akwai wata babbar makarantar fasaha mai suna MIT. Ɗalibanta da malamansu sun yi shawarar ƙera jirgin sama wanda ba ya shan mai. Mutum guda zai zauna a ciki, yana taka feda kamar mai tuƙa keke. Fedar ita ce za ta juya farfela, farfela kuma ta ja jirgin cikin iska.

Aikin ba wasa ba ne. Ƙarfin ɗan Adam kaɗan ne, don haka dole jirgin ya zama marar nauyi sosai, fukafukansa kuma su yi tsawo. Ɗaliban suka yi lissafi a kan takarda. Daga nan suka shiga ɗakin aiki, suka yanka, suka manna, suka auna kowane abu a kan sikeli. Suka rufe fukafukan da wata leda marar kauri. Da suka gama, faɗin jirgin daga bakin fiffike zuwa ɗaya bakin mita 34 ne, amma nauyinsa kilo 31 kawai. Buhun siminti guda ya fi shi nauyi!

Suka sa masa suna Dedalus, sunan wani gwanin maƙeri na tatsuniyoyin Girkawa, wanda aka ce ya yi wa kansa fukafukai da gashin tsuntsu da kakin zuma.

Ba su ci nasara nan take ba. A farkon shekarar 1988, ɗaya daga cikin jiragensu ya faɗo wajen gwaji, ya lalace. Ba su karaya ba. Suka duba abin da ya jawo faɗuwar, suka gyara.

Ranar 23 ga Afrilu 1988, wani gwanin tseren keke ɗan ƙasar Girka, Kanellos Kanellopoulos, ya shiga jirgin. Ya tashi daga tsibirin Kirit, ya bi ta saman teku yana taka feda kusan awa 4, har ya iso tsibirin Santorini. Nisan ya kai kilomita 115, kusan kamar daga Yamai zuwa Tilaberi. Saura ƴan mitoci ya kai gaci, iska ta karya jirgin, ya faɗa cikin ruwa. Matuƙin ya fito lafiya.

Mene ne darasi a nan? Da ɗaliban ba su iya lissafi ba, da ba su san tsawon da ya kamata fiffike ya yi ba. Da kuma ba su yi aiki da hannunsu ba, da jirgin yana nan a kan takarda har yau. Littafi yana faɗa wa mutum yadda abu ya kamata ya kasance. Gwaji shi ne yake nuna masa inda ya yi kuskure. Ai gani ya kori ji.

Wani zai ce: «Su masu kuɗi ne, suna da kayan aiki.» Gaskiya ne. Amma halin gwadawa ba a sayensa a kasuwa. Yaron da yake ƙera mota da waya da gwangwani, ko jirgi da karan dawa, ya riga ya kama hanya. Abin da ya rage masa shi ne ya auna, ya rubuta, ya tambayi kansa: don me wannan ya tashi, wancan bai tashi ba?

Saboda haka, bai kamata iyaye da malamai su ƙwace irin waɗannan kaya su ce ɓata lokaci ne ba. Gara su ba yaro ma'auni da fensir, yarinya ma haka. Shi kuma yaro kada ya gudu daga darasin lissafi, domin shi ne zai sa abin da ya ƙera ya yi aiki. Da koyo akan iya.