Baƙon Tawa ya bar kifin teku, ya nemi na Tabalak

Akwai wata ɗabi'a da ta kama masu masaukin baƙi a birnin Tawa. Da zarar baƙo ya sauka daga Yamai, ko ya shigo ta Ƙonni daga Najeriya, sai a wuce da shi otal, a ajiye masa soyayyen dankalin Turawa da kifin ƙanƙara, a ce an karrama shi. Baƙon ya kwana uku ya koma gida bai san ɗanɗanon Adar ba, kuɗinsa kuma ba su shiga hannun masuntan jihar ko matan da ke dama fura ba.

A fara da kifin, domin nan ne kuskuren ya fi girma. Tawa ba ta da teku, Nijar ɗungurungum ma ba ta da shi. Duk kifin tekun da aka ɗora a faranti a garin ya yi tafiyar fiye da kilomita 1,000 a cikin mota. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 da aka rufe iyaka da Benin, kaya da yawa sun koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, hanya ta ƙara tsawo. Sai a haɗa wannan da zafin watan Afrilu da Mayu da ke haura digiri 40, da ɗauke wutar lantarki da kowa ya sani. Kifin da ya narke ya sake daskarewa ba ya nuna hakan bayan an soya shi da yaji. Cikin baƙo ne ke ba da labari daga baya.

Alhali kilomita 50 ne kacal, ko kusa da haka, tsakanin Tawa da tafkin Tabalak, a kan hanyar Agadas. A nan ana kama karfasa da tarwaɗa, wani lokaci har da giwan ruwa. Direbobin da ke bin hanyar sun daɗe da sanin wurin: ana tsayawa, a sayi kifi da zafinsa daga kasko, a barbaɗa yaji, a yanka albasa a kai. Albasar ma ba baƙuwa ba ce, jihar ce gidan albasar Galmi da ake lodinta zuwa Abijan da Akara. Wanda bai iya zuwa Tabalak ba, musamman yanzu da matsalar tsaro ta sa mutane ke taka-tsantsan da hanyoyin arewa, zai iya samun kifin a cikin gari, ɗanye ko banda. Abin da ya kamata ya tambayi mai sayarwa shi ne daga wane ruwa kifin ya fito, kuma yaushe.

Wannan tambaya tana da amfani fiye da cikin mutum ɗaya. Tafkin Tabalak na cikin wuraren da aka sa a jerin yarjejeniyar Ramsar ta kare dausayi tun 2005, tare da tafkin Ɗan Dutsi da ke yammacin jihar. Amma yashi na cike shi a hankali, ruwa na ja da baya da rani, ga masu lambu da makiyaya duk sun dogara da shi. Tafkin da kifinsa ke da kasuwa a otal-otal ɗin babban birnin jiha yana da masu magana da yawunsa idan an zo rabon kuɗin yashe shi. Wanda ba a san da shi ba sai a tasha, ba ya da su.

Maganar abincin hantsi ta fi sauƙi. Turawa na da wani ci da suke haɗa karin kumallo da abincin rana wuri guda, manyan birane kuma sun mayar da shi abin yayi. Ba'adare ya riga su. Fura da nono da hantsi, ta gero mai kauri da aka dama a ƙwarya, tana riƙe manomi har la'asar. Baƙon da ya fito da safe zai tarar da mai koko da ƙosai da mai waina a bakin unguwa, ga teburin mai shayi da burodi da ƙwai a kusa da tasha. Idan rana ta ɗaga, sai dambu da zogale, ko kwaɗo da ƙuli. Ranar Lahadi ta fi dacewa, domin ita ce ranar babbar kasuwa, lokacin da Fulani da Buzaye ke shigowa da nono da man shanu.

Masu kai baƙo otal suna da hujja, kuma ba ƙarya suke ba: tsabta. Ruwan da aka dama fura da shi, ƙudan da ke kan tire, kwanon da aka wanke a ruwa ɗaya tun safe, duk abin dubawa ne. Sai dai maganin wannan yana hannun hukumar birni. An ga yadda aka gyara tituna aka yi gine-gine lokacin bikin Tahoua Sakola na ranar 18 ga Disamban 2017. Garin da ya iya wannan zai iya ware wa masu abinci rumfuna da famfo da wurin zubar da shara, ya riƙa aika jami'an tsabta. Kafin nan, baƙo ya bi inda layi ya fi tsawo, ya ci abin da aka sauke daga wuta a gabansa.

Abin mamaki, 'yan Nijar ne suka yi suna da sayar da garba a titunan Abijan, wato aceke da soyayyen kifin teku, Adar kuwa na cikin yankunan da suka fi tura 'yan ci-rani can. Mutanen da suka iya ciyar da wani birni da abincinsa ba su rasa basirar tallata nasu ba.

Kayan zaƙi kuma ba sai an nemi kek ba. Akwai alkaki da nakiya da dakuwa da kantun riɗi, akwai dabinon da ke saukowa daga yankin Agadas. Amma abin rufe ciki na arewacin Adar shi ne cuku, busasshen cukwin nan mai faɗi da matan makiyaya ke yi a wajajen Abalak da Cintabaradan. Ba shi da zaƙi shi kaɗai. Ana ɓantara shi ne a haɗa da shayin Buzaye mai sukari, kofi na ɗaya da na biyu da na uku, ana hira. Ba ya lalacewa da wuri, don haka ya dace da tsaraba. Mai komawa ta kudu ya haɗa da kilishi, ya nannaɗe su daban-daban don kada cukun ya ɗauki warin yaji.