Daga Allon Malam: Fiyano da Littafi

Jama'a, wani uba a nan Zongo ya kawo mini kuka: ɗansa ya bar aji, kullum dare yana Jonke wurin 'yan kiɗa, wai fiyano yake koyo. Na ce, Alhaji, kada ka kore shi, ba shi labarin Mamman Sani na Nijar. Da karatunsa, yana aikin UNESCO, ya sayi ogan, ya naɗi kaset a 1978, har a 2013 aka sake buga kiɗan a Amurka.

Samari, ku koyi fiyano bayan an tashi makaranta. Ranar da kulob ya rufe, takarda ce za ta ciyar da ku. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.