Ƙara Wa Tsohon Injin Dizal Ƙarfi: Wa Zai Biya Bashin?

Injin dizal mai lita 1.9 da rukunin kamfanonin Volkswagen ya fara sakawa a mota a 1991, wanda ake kira TDI, yana cikin injinan da suka yi suna wajen juriya. An ɗora shi a Golf da Passat da Sharan da Audi A4 da Skoda Octavia, kuma da yawa daga cikin motocin nan sun gama aikinsu a Turai, sun sauka a tashoshin ruwa na Kwatano da Lome da Legas sun soma sabuwar rayuwa. Wani rahoto da hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya ta fitar a 2020 ya nuna cewa tsakanin 2015 da 2018, Turai da Amurka da Japan sun fitar da ƙananan motoci na hannu miliyan 14, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi tsoka, kusan 40 cikin 100.

A can Turai akwai sana'a guda da ta ginu a kan wannan inji da ire-irensa, wato ƙara masa ƙarfi ta hanyar sauya lissafin da ke cikin kwamfutar mota, wadda kanikawa ke kira birenbos. A da sai manyan gareji ke iya yi. Yanzu kuwa waya ɗaya da ake sokawa ƙarƙashin sitiyari, da kwamfutar hannu, da fayil ɗin da aka sauko da shi daga intanet sun isa, kuma bidiyon koyarwa sun cika YouTube da TikTok. Gaskiya ne ƙananan motoci masu dizal ba su kai masu fetur yawa a Najeriya ba, saboda shekarun da aka yi ana tallafin fetur, amma suna nan, kuma a Nijar da Chadi Hilux da Land Cruiser masu dizal ne dokin doguwar tafiya. Don haka maganar ta shafi duk wanda ke da tsohuwar mota da yake ganin ta yi sanyi a hawan tudu.

Injin dizal ba ya amfani da tartsatsin fulogi. Yana matse iska ne har ta yi zafi, sannan a feso mata mai ya kama da kansa. Ƙarfinsa ya dogara ga yawan man da aka feso da yawan iskar da za ta ƙone shi. Aikin turbo shi ne tura ƙarin iska, kuma hayaƙin salansa ne ke juya shi, juyawar da kan wuce sau dubu 100 a minti ɗaya. Kwamfutar ce ke yanke nawa za a feso, yaushe, da iyakar matsin da turbo zai bayar. Mai gyara yana ɗaga waɗannan iyakoki ne kawai. A tsofaffin injina marasa kwamfuta, irin na tsohuwar Marsandi ko Land Cruiser, noti ake juyawa a famfon mai, sakamakon kuma ɗaya ne.

Masu wannan sana'a suna da hujja, kuma ba ta banza ba ce. Kamfanin da kansa ya sayar da inji mai girma ɗaya a matakai daban-daban: mai ƙarfin doki 90, da 110, da 115, da 130, da 150. Sai su ce tunda haka ne, an daƙile injin ne da gangan, su kuma kwance shi suke yi. Babu shakka akwai sarari a ciki, shi ya sa mai doki 130 kan kai kusan 160 ba tare da an kwance noti ko ɗaya ba. Abin da ba a cika faɗa wa mai mota ba shi ne, Golf mai doki 150 ba ta bambanta da mai 90 a lissafi kaɗai ba. Ta zo da turbo mafi girma, da babban lagireton sanyaya iska a gaba, da wani tsarin fesa mai na daban, da giya shida, da kulocin da aka yi domin wannan nauyi.

Sannan sararin da kamfani ya bari ba kyauta ba ce. Ajiya ce da aka tanada domin ranar zafi, da ranar da aka sha mai marar kyau, da direban da ya makara wajen juye, da tsufan ƙarfe. Mai Passat a Jamus yana iya taɓa wannan ajiya ya kwana lafiya, domin yanayinsa sanyi ne, mansa tsabtatacce ne, hanyarsa shimfiɗaɗɗiya ce. Motar da ta shekara ashirin, malejinta ya nuna kilomita dubu ɗaruruwa (in ma ba a mayar da shi baya ba kafin a sayar), ta kuma zo Sakkwato ko Maiduguri ko Agadas, ta riga ta soma cin ajiyar tun kafin kowa ya taɓa kwamfutarta.

A ɗauki zafi kaɗai. A watan Afrilu garuruwan nan kan wuce digiri 40. Iska idan ta yi zafi sai ta saki, ta yadda a digiri 42 nauyinta ya ragu da kusan kashi 9 cikin 100 idan aka kwatanta da digiri 15. Ke nan injin na samun ƙarancin iska a daidai lokacin da sabon lissafi ke ƙara masa mai. Man da ya rasa isasshiyar iska yana ɗaga zafin hayaƙi, fistin kuma na alminiyam ne, ƙarfen da ke narkewa a wajen digiri 660, baƙin mai da ake watsa masa daga ƙasa na cikin abubuwan da ke sanyaya shi. A ƙara da ƙurar hunturu da ke toshe matatar iska, da lodin da ake yi wa Sharan mai kujera bakwai har bayanta ya kusa taɓa ƙasa. Fayil ɗin da aka rubuta domin titin Jamus bai san da ko ɗaya daga cikin waɗannan ba.

Sai batun mai. Tun 2009 Tarayyar Turai ta kayyade sinadarin sulfa a dizal zuwa kashi 10 cikin miliyan. A baya Najeriya ta daɗe tana amincewa da 3,000, kuma wani bincike da ƙungiyar Public Eye ta Suwizalan ta wallafa a 2016 ya gano cewa ana sayar wa ƙasashen Afirka dizal mai sulfa da ta ninka iyakar Turai sau ɗaruruwa. A 2020 ƙasashen ECOWAS suka amince su sauko zuwa 50, amma yarjejeniya a takarda daban, abin da ke cikin jarkar bakin hanya daban, musamman inda ake gauraya shi da kananzir. Sulfa na sa baƙin mai ya yi tsami da wuri, kananzir kuma na rage santsin da famfo da nozul ke buƙata. Nau'in injin 1.9 na baya-baya yana fesa mai da matsin da ya haura ba 2,000, kuma yana buƙatar baƙin mai na musamman mai lamba 505.01. Idan aka zuba masa na gama-gari, sandar da ke buɗe bawul kan cinye. Duk wanda ya ƙara wa irin wannan inji nauyi yana ba shi abin da ya samu, ya shirya wa ranar da zai buga.

Yawanci kuloci ne ke fara kuka, ya riƙa sulɓewa a giya ta huɗu da ta biyar. Daga nan sai turbo. Mutuwar turbo a injin dizal na iya zuwa da abin tsoro, domin idan ya soma zubar da baƙin mai cikin hanyar iska, injin kan koma ƙona man nasa, ya yi ta ƙara gudu, a zare makulli ya ƙi tsayawa, har sai ya shanye ko ya tarwatse. Mai motar haya da ya biya kuɗi kaɗan don ya riƙa riga abokansa isa tasha, sai ya tsinci kansa a Ƙofar Ruwa ko Fanteka yana cigiyar inji, ga balas na jiransa. Garin neman gira an rasa ido.

Da a ce asarar ta tsaya kan mai mota, da sai a ce kuɗinsa ne. Amma baƙin hayaƙin da wasu matasa ke ɗauka alamar ƙarfi, mai ne da bai ƙone ba, ana watsar da shi a titi a lokacin da litar dizal ta haura Naira dubu. Wanda ke shaƙarsa kuwa ɗan acaɓa ne da ke biye, da mai tallan ruwa a danja, da yaran da ke jiran tsallaka hanya. Tun watan Yunin 2012 cibiyar binciken sankara ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya hayaƙin dizal cikin abubuwan da aka tabbatar suna haddasa sankarar huhu. Sau da yawa kuma ana haɗa ƙarin ƙarfin da toshe bawul ɗin EGR, wanda aikinsa rage gubar da ido ba ya gani. Wanda ke shakkar cewa ɗan lissafi a kwamfuta zai iya yin wannan tasiri, ya tuna badaƙalar Volkswagen ta Satumban 2015, lokacin da aka gano manhajar da ke yaudarar gwajin hayaƙi a motoci kusan miliyan 11.

Birki ma ba ya cikin abin da fayil ke gyarawa. Motar da ke gudun kilomita 140 a sa'a tana ɗauke da ƙarfin da ya kusa ninka na mai gudun 100, kuma tsohon birki da tayoyin hannu ne za su tsayar da ita. Dokar Najeriya ta tsayar da ƙananan motoci a kilomita 100 a manyan tagwayen hanyoyi, motocin haya kuma a 90.

Duk da haka, ba hani ake kira a yi ba. Inji mai lafiya, a hannun wanda ke auna matsin turbo da zafin hayaƙi maimakon ya yi da ka, yana iya ɗaukar ƙari matsakaici ya ci gaba da aiki shekaru. Sai dai mafi yawan motocin da ake kai wa da ƙorafin rashin ƙarfi ba ƙari suke buƙata ba, nasu ne ya ɓace. Na'urar auna iska ta gaji, ko siririn tiyon da ke sarrafa turbo ya tsage, ko fikafikan turbo sun maƙale da baƙin toka, ko hanyar iska ta cushe, ko matatar mai ta toshe. Motar da aka rubuta mata doki 130 tana iya tafiya da ƙasa da haka nesa ba kusa ba, kuma gyaran waɗannan abubuwa zai dawo mata da su ba tare da an ci bashin komai ba. Ɗora sabon lissafi a kan inji marar lafiya rufe ciwo ne da bandeji. Ƙananan akwatunan araha da ake maƙalawa a waya sun fi muni, domin yaudarar kwamfutar kawai suke yi, har lissafin shan mai da ke fitowa a gaban direba ya zama ƙarya, ya yi ta murna yana tsammanin yana tsimi.

Akwai kuma batun amana. A Jamus, ƙara wa mota ƙarfi ba tare da an gwada an rubuta a takardunta ba yana soke izinin hawanta titi. A Birtaniya dole a sanar da kamfanin inshora, kuma tun 2014 motar da aka cire wa matatar toka ta salansa ba ta cin gwajin shekara. A nan kuwa mutum zai matse inji shekara biyu, da ya ji alamun gajiya sai ya kai wa dillali, mai saye ya biya kuɗin lafiyayyar mota bai san an taɓa ta ba.

Ya kamata jami'an VIO da hukumomin jihohi irin su KAROTA a Kano da KASTLEA a Kaduna su mallaki na'urar auna kaurin hayaƙi, ta zama sharaɗi na gaske kafin a ba da takardar cancantar hawa titi, ba wata sabuwar hanyar karɓar na goro ba. Hukumar NMDPRA kuma ta riƙa gwada dizal a gidajen mai tana bayyana sakamakon ga jama'a. Ita ma ƙungiyar kanikawa ta NATA tana da rawar takawa, ta sa wa mambobinta ƙa'ida cewa ba a taɓa kwamfutar mota sai an duba lafiyar inji da birki, a adana lissafin asali a miƙa wa mai mota, a kuma ba shi takarda mai nuna abin da aka sauya da ranar da aka yi, wadda za ta bi motar zuwa hannun duk wanda ya saya.