Makomar Tsohon Jaki a Ƙasar Paki

Manomin Paki, kamar takwarorinsa na Ikara da Maƙarfi da Kudan, ya daɗe yana cin moriyar jaki. Shi ke kai taki gona a mangala, shi ke kwaso dawa da kara bayan girbi. Amma da zarar ƙarfinsa ya ƙare, bayansa ya yi gyambo, sai a sake shi yana kiwon juji, ko a sayar wa dillalan fatar da ake kaiwa ƙasar Sin, alhali Tarayyar Afirka ta haramta yanka jakuna domin fata a 2024.

A Ingila, Dakta Elisabeth Svendsen ta fara riƙon jakuna a 1969, aikin da ya zama babban gidan kula da su a Sidmouth. Paki ba ta buƙatar dukiya irin tasu. Ɗan fili daga dagaci, shinge, rijiya, harawa daga manoma da ziyarar malamin dabbobi sun wadatar. Masu cewa mutum ma bai ƙoshi ba balle jaki suna da hujja. Sai dai cimar tsohon jaki ragowar gona ce, kashinsa kuwa taki ne da manoman za su raba kafin damina.