In uwa ta ce a'a, a ji maganarta

Ƴan'uwa, akwai wata magana da nake so mu duba tare. Maganar yaro ce mai ƙiriniya, da abin da ake ba shi ya ci in an fita da shi cikin mutane.

Ƙanwata tana da yaro ɗan shekara bakwai. Yaron nan ba ya zama wuri ɗaya. In ka ce ya zauna, kafin ka juya ya hau katanga. In kana yi masa magana, hankalinsa yana wani wuri. A lakwal, mushe ya gaji da kiran uwarsa. An yi faɗa, an yi bulala, ba abin da ya sake. Daga baya aka kai shi gidan likita. Likita ya duba shi, ya yi wa uwar tambayoyi da yawa, ya ba ta shawarwari. Ɗaya daga ciki ita ce ta hana shi alewa da lemu masu launin kanti har sati huɗu, ta ga ko za a samu sauƙi. Ta gwada. A ganinta yaron ya ɗan natsu. Sai ta ci gaba da hana shi.

A gida abin bai yi mata wuya ba, don ita ke da tukunya. Wahalar tana waje.

Abin da ya same mu a tasha

Wata ranar kasuwa na raka su gari. Da rana ta yi, muka shiga wani gidan abinci kusa da tasha. Shinkafar da ke cikin tukunya ta yi rawaya sosai. Sai ƙanwata ta ce wa mai abinci: «Baiwar Allah, don Allah mi aka sa wa shinkafar ga ta yi haka?»

Mai abinci ta ɓata rai. Ta ce: «Ke, abincina guba ne? Shekara goma ina saida shi, ba wanda ya mutu!»

Ana cikin haka, wani dattijo da ke zaune kan benci ya ga yaron yana ta zirga-zirga. Ya kira mai talla, ya saya masa jan lemun leda, ya miƙa masa. Uwar ta karɓe. Yaro ya faɗi ƙasa yana kuka. Mutane suka juyo suna kallo. Na ji wata tana cewa: «Wace irin uwa ce wannan? An ba ɗanta kyauta ta hana shi.» Muka fito ba mu ci komai ba.

A hanya ƙanwata ta ce mini: «Yaya, ni ba ni ƙara hita da shi. Kunyar ta ishe ni.» Haka kuwa aka yi. Wata uku, in za ta biki ko suna, sai ta bar shi gida. Sauran yara su dawo suna ba da labari, shi yana saurare daga bakin ƙofa.

Wannan ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ra'ayina shi ne: in uwa ta ce kada a ba ɗanta wani abu, a ji maganarta. In ta tambayi abin da ke cikin abinci, a gaya mata gaskiya. Yaro kuma a fita da shi, ya ci abinci cikin mutane kamar kowa.

Daga ina maganar launi ta fito?

Ba ƙanwata ta ƙago ta ba. A shekarar 1973, wani likita a Amurka, sunansa Benjamin Feingold, ya ce launin da kamfanoni ke sa wa abinci yana ƙara wa wasu yara ƙiriniya. Iyaye da yawa suka bi maganarsa. Wasu likitoci suka yi gardama. Da aka yi ta bincike, sai aka ga abin bai kai yadda ya faɗa ba. Amma kuma ba a ce babu shi sam ba.

A shekarar 2007, masana a jami'ar Southampton ta ƙasar Ingila suka fitar da sakamakon wani gwaji. Sun ɗauki yara kusan 300, wasu ƴan shekara 3, wasu ƴan shekara 8 zuwa 9. Wani sati a ba su lemu mai launin kanti da maganin hana lalacewa. Wani sati a ba su lemu mai kama da shi, amma ba a sa masa waɗannan abubuwa ba. Yara ba su san wanne suke sha ba. Iyaye da malamai ma ba su sani ba. Da aka haɗa lissafi, aka ga ƙiriniya ta ɗan ƙaru a satin da aka sha mai launi. Wasu yara abin ya taɓa su, wasu bai taɓa su ba.

Saboda wannan, tun shekarar 2010 Tarayyar Turai ta sa doka. Abincin da aka sa wa ɗaya daga cikin launuka shida, tilas a rubuta gargaɗi a jikinsa, cewa yana iya taɓa natsuwar yara da hankalinsu. Ga lambobin launukan: E102, E104, E110, E122, E124, E129. Wasu rawaya ne, wasu ruwan goro, wasu ja. Daga ɗanyen man fetur ake sarrafa irin waɗannan launuka. Ba su ƙosarwa, ba su gina jiki. Aikinsu ɗaya ne: su ja ido.

To, ƴan'uwa, irin lemun nan da alewar nan su ne cike da kantunanmu da farantan talla. Garin lemu na ƴar leda, alewa ja da kore, ƙanƙara mai rina harshe. Yaro ya sha, ka ce ya fito da harshe, ka ga ya koma ja ko shuɗi. Wannan launin bai tsaya a harshe ba, ya wuce ciki.

Mu faɗi gaskiya duka

Kada wani ya karanta wannan ya ce launi ne ke kawo ciwon. A'a. Wannan hali na rashin natsuwa, likitoci suna kiransa TDAH da Faransanci. A duniya, kamar yara 5 cikin 100 suna da shi. Gado yana da hannu sosai a ciki. Ba aljanu ba ne, ba rashin tarbiyya ba ne, kuma duka ba ya maganinsa. Hana launi yana taimakon wasu yara, ba duka ba. Yaron da abin ya yi masa yawa, a kai shi gidan likita.

Akwai kuma masu cewa sukari ne ke sa yaro rawar kai. A shekarar 1995 masana a Amurka sun tattara gwaje-gwajen da aka yi kan wannan, ba su ga haka ba. Sukari yana ɓata haƙori, wannan gaskiya ne. Amma maganar da muke yi ta launi ce.

To, tun da ba kowane yaro abin ke taɓawa ba, wa zai san wanda yake taɓawa? Uwar da ke kwana da shi, ta tashi da shi. Ita ta gwada, ita ta gani. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Kai da ka ga yaro na minti goma a kan benci, ba ka fi ta saninsa ba.

Abin da mutane ke cewa

Wani ya ce: «Ai ba a maida kyauta.» Gaskiya ne, maida hannun kyauta baya abin kunya ne a wurinmu. Dattijon nan na tasha alheri ya yi nufi, Allah ya saka masa. Amma mu duba. In an san mutum yana da ciwon sukari, ba mai jin haushi don ya ƙi shayi mai zaƙi. In likita ya hana tsohuwa gishiri, ana cire mata miyarta daban. Me ya sa na yaro ne kawai zai zama raini? Mai son yi wa yaro kyauta, ya tambayi uwar tukuna. Ga dabino, ga gyaɗa, ga aya, ga mangwaro, ga dafaffen ƙwai. Duk kyauta ce.

Wani ya ce: «Mu ma mun sha, ga mu lahiya lau.» Mu duba wannan ma. Da muna yara, sau nawa muke ganin lemun kwalba? Sai da salla, ko in baƙo ya zo daga birni. Magarya da goruba da aduwa muka tashi da su. Yaron yau kuwa, kullum da ƴar ledarsa a hannu a ƙofar lakwal.

Kaka kuma ta ce: «Angona ne, ba mai hana ni ba shi.» Nan ne wurin ya fi wuya, don suruka ba ta iya ce wa uwar miji a'a. Wannan aikin uba ne. Shi ya kamata ya zauna da mahaifiyarsa, ya yi mata bayani cikin ladabi. Kaka ta ci gaba da ba angonta, a sake abin da ake ba shi kawai.

Mai abinci kuma tana ganin an zarge ta. Ba zargi ba ne. Wadda ta tambaye ki, so take ta saya. In kin ce mata: «Wannan na sa mata garin kala, amma ga fara can, ga wake», kin yi ciniki, kuma gobe za ta dawo. In kin kore ta, kin rasa kuɗin kwano uku, kamar yadda aka rasa namu.

Yadda za a fita da irin wannan yaro

Abin farin ciki shi ne, yawancin abincinmu na gargajiya ba ya buƙatar launin kanti. Tuwo da miyar kuka, shinkafa da wake, dambu, ƙosai, waina, fura da nono, gasasshen nama. Yaro zai ci ya ƙoshi. Inda ake lura shi ne abin sha da kayan zaƙi. Ga abin da ƙanwata take yi yanzu:

1. Tana yi wa yaron magana tun daga gida. Ta gaya masa inda za su, da abin da zai ci, da abin da ba zai sha ba.

2. Ba ta fita da shi da yunwa. Yaro mai yunwa ba ya jin rarrashi.

3. Tana riƙe masa nasa abin sha a gora: zoɓon da ta dafa da kanta, ko ruwan tsamiya, ko kunun aya. In sauran yara suna shan nasu, shi ma yana da nasa. Zoɓon talla tana tambaya tukuna, don wasu masu sayarwa suna ƙara masa garin lemu.

4. Tana duba rubutun jikin kwalba ko leda. In ta ga an rubuta «colorant», ko «tartrazine», ko ɗaya daga lambobin nan shida, sai ta ajiye. Duk wanda ya iya harafin E da lambobi zai iya wannan.

5. In biki ne, tana gaya wa uwar biki tun kafin ranar, don kada a ji kunya a gaban mutane.

6. Ba ta tilasta masa dogon zama. In ya ci, sai ta ba shi ɗan aiki, ko ya kai kwano, ko ya ɗebo ruwa. In ya fara gajiya, su yi sallama.

7. In an yi kuskure ya sha mai launi, ba ta dukansa, ba ta faɗa da kowa. Kwana ɗaya ba ya ɓata shekara.

Da salla da ta wuce, an je da shi gidan kakarsa. Ya yi gudu, ya yi tsalle, ya zubar da ruwan buta. Halinsa yana nan. Amma ya zauna cikin ƴan'uwansa sun ci tuwo kwano ɗaya, kakar ta cika masa aljihu da dabino.

Ƴan'uwa, yaro a cikin mutane yake koyon zama da mutane. A nan yake koyon gaisuwa, da wanke hannu, da jiran babba ya fara sa hannu a kwano. In mun sa uwarsa jin kunya har ta rufe shi a gida, mun hana shi wannan karatu. Saboda haka, in kun ga uwa ta karɓe leda daga hannun ɗanta, kada ku yi mata dariya. Ku tambaye ta: «To, mi za mu ba shi?»

Allah ya raya mana ɗiyanmu.